Keke da Hanyoyin Burji na Kwarin Kogin Kano

Tarihin keke a ƙasar Kano tare yake tafe da na gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, sannu a hankali Raleigh, ƙirar Ingila, ta zama burin manomi in kaka ta yi kyau. Da ita malaman gona da dillalai suka riƙa ratsa ƙauyuka.

Da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aikin marigayi Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya bunƙasa a Kadawa, Kura da Bunkure. Hanyoyin gefen magudanan ruwan nan muka riƙa bi, mu 'yan ƙauye, tsakanin gonakin alkama da tumatir. Malamanmu ba za su manta jar ƙurar da ke rina fararen rigunanmu ba.

Yau tseren keke bisa burji wasa ne, har an yi gasar duniya ta farko a Italiya a 2022. Mu kam makaranta keke ya kai mu. Ƙannenmu da dama a ƙafa suke wannan tafiya har yanzu. 'Yan'uwa, ina roƙon ƙungiya ta sa sayen kekuna cikin aikinta na bana.