Pascal Poirier, Sanatan Akadiyawa na Farko



Mutumin da zan yi magana a kansa yau lauya ne daga wata ƙaramar al'umma ta gabashin Kanada, sunansa Pascal Poirier. Ya zauna a Majalisar Dattawan ƙasar shekara 48, a kan kujerar da ba a jefa masa ƙuri'a ko ɗaya ba kafin ya hau ta. Tambayar da nake so mu riƙe ita ce: wanda gwamnati ta naɗa, yana iya zama bakin jama'arsa a gaban gwamnati, ko kuwa bakin gwamnati zai zama a gaban jama'arsa?

Sai mun san jama'ar kafin mu san mutumin. Akadiyawa zuriyar Faransawa ne da suka fara zama a gaɓar tekun gabashin Kanada tun farkon ƙarni na 17, suka kira wurin Akadiya. A shekarar 1713 Faransa ta sallama wa Ingila yawancin ƙasar. Akadiyawa suka ƙi yin rantsuwar da za ta wajabta musu ɗaukar makami a kan Faransa. A 1755 Gwamna Charles Lawrence da majalisarsa suka yanke shawarar kwashe su. Aka ƙone gidaje, aka ƙwace gonaki, aka zuba mutane cikin jiragen ruwa, sau da yawa ba tare da an kula wane ne mijin wace ba. Cikin 'yan shekaru an kwashe kimanin mutum 10,000, dubbai suka mutu saboda cuta da yunwa da nutsewar jirage. Waɗanda suka komo daga baya sun tarar baƙi sun gaje gonakinsu, sai suka raɓe a bakin teku suna kamun kifi. Shekaru da yawa suka yi ba su da murya a harkar mulki.

A cikin waɗannan mutane aka haifi Poirier a garin Shediac, jihar New Brunswick, a 1852. Ya yi karatu a Kwalejin Saint-Joseph ta Memramcook, wadda wani limamin Katolika, Camille Lefebvre, ya kafa a 1864, kuma daga cikinta kusan dukan shugabannin Akadiyawa na wannan zamani suka fito. Yana da shekara 20, a 1872, gwamnatin Firayim Minista John A. Macdonald ta naɗa shi shugaban gidan waya na Majalisar Wakilai a Ottawa. A nan ya yi karatun shari'a har ya zama lauya.

Ku dubi lokacin da aka yi naɗin. A 1871 jihar New Brunswick ta kafa dokar da ta hana kuɗin gwamnati ga makarantun addini, abin da ya taɓa makarantun Akadiyawa kai tsaye, su da suke Katolika masu magana da Faransanci. An roƙi Macdonald ya soke dokar, ya ƙi. A 1875 rikicin makarantu ya kai ga zubar da jini a garin Caraquet, mutum biyu suka rasu. Wato hannun da ya ba wa saurayi ɗaya aiki shi ne hannun da ya ƙi miƙuwa ga jama'arsa. Ma'aikatan gwamnati da ke zaune a nan ba sa bukatar in fassara musu wannan hali.

Poirier bai ajiye aiki ba, bai kuma yi shiru ba. Yana cikin waɗanda suka shirya babban taron Akadiyawa na farko a Memramcook a 1881. Muhawarar da ta fi zafi a wurin, idan ka ji ta sai ka ce ƙaramar magana ce: wace rana za a riƙe ta zama ranar al'umma? Wasu suka ce a bi Faransawan Quebec, a ɗauki 24 ga Yuni, don tsintsiya ɗaya ta fi shara. Wasu, ciki har da Poirier, suka ce Akadiyawa suna da tarihinsu dabam da masifarsu dabam, ba za su narke cikin Quebec ba. Aka zaɓi 15 ga Agusta. A taro na biyu, a Miscouche a 1884, aka zaɓi tuta: launuka uku na Faransa, da tauraro rawaya a ɓangaren shuɗi.

A 1885 Macdonald ya kai shi Majalisar Dattawa yana da shekara 33, ya zama Ba'akadiye na farko da ya shiga cikinta. A lokacin sanata yana kan kujera har mutuwa. Sai a 1965 aka sa iyakar shekara 75. Majalisa ce ta duba dokoki, ba a fara dokar kuɗi daga cikinta, saboda haka ba wata doka mai sunansa ce ta sa ake tunawa da shi ba. Abin da kujerar ta ba shi shi ne albashi tabbatacce, da suna, da ƙofar da ba a rufe masa, kuma ba ya tsoron zaɓe mai zuwa. Da waɗannan ya yi faɗan da ya fi tsawo a rayuwarsa, tare da alƙali Pierre-Amand Landry: neman a naɗa Ba'akadiye bishop, domin shugabancin coci a yankin yana hannun limamai masu Turanci, 'yan asalin Ailan da Sikotilan. An kai ƙara har Fadar Paparoma, aka sha jira, sai a 1912 aka naɗa Édouard LeBlanc bishop na Saint John.

Akwai inda ban yarda da shi ba. Littafinsa na 1874 a kan asalin Akadiyawa ya ɓata ƙarfinsa wajen nuna cewa jininsu bai gauraya da na 'yan asalin ƙasar ba, kamar dai gaurayar abin kunya ce. Alhali mutanen Mi'kmaq ne suka taimaki Faransawan farko, suka kuma ba wa wasu Akadiyawa mafaka lokacin korar. Wanda aka wulaƙanta ya ari ma'aunin wanda ya wulaƙanta shi.

A fagen harshe kuwa ya yi abin da mu malaman harshe muke cire masa hula. Ana cewa Faransancin Akadiyawa gurɓataccen yare ne na jahilai, domin inda mutumin Paris zai ce "nous parlons", wato muna magana, Ba'akadiye sai ya ce "je parlons". Poirier ya bi tsofaffin rubuce-rubucen Faransa, ya nuna cewa irin wannan magana tsohon Faransanci ne da kakanni suka ƙetaro da shi, Paris ta sauya, su suka riƙe. Ya buga wannan bincike a 1928, yana kuma tattara kalmomin masunta da manoma ɗaya bayan ɗaya don yin ƙamus.

Ya rasu a Ottawa ranar 25 ga Satumba, 1933, yana sanata. Sai a 1969, a zamanin wani lauya Ba'akadiye, Louis Robichaud, wanda shi ƙuri'a ce ta ba shi shugabancin gwamnatin jihar, New Brunswick ta amince da Faransanci a matsayin harshen hukuma daidai da Turanci. Ƙamusun Poirier kuwa, cikakken bugunsa mai sharhin masana ya fito a Moncton a 1993, shekara 60 bayan rasuwarsa.