Daga Gangar Noma zuwa Gangar Na'ura

Gabatarwa

Kowane kiɗan rawa yana da ginshiƙi, wato bugun nan mai kauri da ƙirji ke riga kunne ji. Masu haɗa kiɗa a situdiyo suna kiransa kik, gangar ƙafa ke nan, kuma samarinmu da dama sun ɗauka cewa tsara wannan amo fasaha ce da kwamfuta ta zo da ita. A wannan maƙala zan bi sawunsa daga karkarar Batsari da Safana zuwa Japan da Amurka, in biyo ta Kano, domin in nuna cewa matsalar da injiniyan sauti ke fama da ita a yau, ita ce wadda masassaƙi da makaɗi suka daɗe da warwarewa da itace da fata.

Amon da aka sassaƙa

Batsari, mazaunin Sarkin Ruma, da Safana, mazaunin Yariman Katsina, suna gefen Dajin Rugu ne, yankin da ya zama fagen fama tsakanin Katsina da Maraɗi a ƙarni na 19, zamanin su Ɗanwaire. A irin wannan ƙasa ta noma da farauta, ganga kayan aiki ce. Gangar noma ke haɗa hannun 'yan gayya, kowa ya kafta garma a kan bugu ɗaya, saboda haka dole amonta ya ratsa fili ya kai ga na ƙarshen kunya.

Wannan buƙata ce ta koyar da masu haɗa ganga. Sun san faɗin baki da zurfin ciki ke ƙara kauri, shi ya sa tambarin sarauta ke ɗaukar fatar sa, kalangu kuwa sai fatar akuya mai laushi. Sun san nauyi a tsakiyar fata yana saukar da murya, sai suka riƙa shafa nake a fuskar kotso. Sun kuma lura cewa kauri kaɗai yakan narke cikin iska, sai suka gitta wa ganga zaga, igiyar da ke ziza a kan fata, ta yi wa amon kaifi. Kalangu ya wuce su duka, domin hammatar makaɗi ke matse tsarkiya, murya ta hau ta sauka cikin bugu guda. A kan wannan hawa da sauka Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, ya gina waƙoƙinsa har rasuwarsa a 1999.

Amon da aka ƙera

Gangar ƙafa ta samo sunanta ne daga matakin da William Ludwig ya fitar a Shikago a 1909, wanda ya ba makaɗi guda damar buga babbar ganga da ƙafa, hannuwansa na wani aikin. A shekarun 1970 kiɗan disko ya sa ta faɗuwa sau huɗu daidai wa daida a kowace gaɓa, tsarin da kiɗan rawa na lantarki ya gada.

A 1980 kamfanin Roland na Japan, wanda Ikutaro Kakehashi ya kafa a Osaka a 1972, ya fitar da na'urar TR-808. Babu fata a cikinta, babu ma ɗaukar muryar ganga. Lantarki ne ke girgiza wajen sau 50 a daƙiƙa, ya riƙa dusashewa. Makaɗa sun ce ba ta yi kama da ganga ba, kasuwa ta ƙi ta, aka daina ƙera ta a 1983 bayan an yi kimanin 12,000. A shekarar aka fitar da TR-909, mai bugu gajere da kaifi. Da farashinsu ya faɗi, sai matasa baƙar fata na Shikago da Ditiroyit suka saye su a gwanjo, suka kafa kiɗan hawus da tekno a kansu.

Daga nan aka daidaita cewa bugu sassa uku ne. Akwai kai, ƙyas ɗin da ke fara dukan kunne. Akwai jiki, inda murya ke faɗowa daga sama zuwa ƙasa cikin ƙiftawar ido. Akwai wutsiya, kaurin da ke jan ƙasa, wanda in ya yi tsawo sai ya haɗiye sauran kayan kiɗa. Faɗowar nan ta jiki kwaikwayon fata ce: gula na sauka fata kan miƙe, muryarta ta ɗaga, sannan ta saki ta koma mazauninta. Injiniya yana zana ta da layi a allo, mai kalangu kuwa da hammata yake zana ta.

Shigowarsa ƙasar Hausa

Ta ƙofar fim wannan amo ya shigo mana. A ƙarshen shekarun 1990 situdiyoyin Kano, irin su Iyan-Tama, suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR, mutum ɗaya ya maye gurbin ƙungiyar makaɗa, kuma fim ɗin Sangaya ya yaɗa salon ko'ina. Daga bisani manhajar FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam ta mayar da kowace kwamfuta situdiyo. A yau, a bikin da na sani da kalangu ina yaro, dije ne da lasifika da janareto.

Sai dai yawancin masu sauraro a ƙauyukanmu da waya suke ji, lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da girgiza 50. Mai haɗa kiɗa kan ɗan dusashe amon da gangan, ya haifar masa da 'yan muryoyi na sama, kunne ya ji su ya cike gurbin kaurin da bai iso ba. Aikin zaga ke nan, an sake gano shi bayan dogon zagaye.

Kammalawa

Na yarda cewa in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Abin da ke damuna shi ne, bugun da ke cikin kwamfutocinmu kusan duk na aro ne, alhali namu yana shuɗewa ba tare da an ɗauke shi ba. Hare-haren 'yan bindiga daga Dajin Rugu sun tashi ƙauyuka, sun hana noma a gonaki masu nisa, har ta kai a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana. Inda babu gayya, gangar noma rataye take. In ta daɗe a rataye fata ta tsage, wanda ya san ɗaurinta kuma tsufa yake yi.

David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa a littafinsu na 1971, amma takarda ba ta riƙe amo. Abin da ya rage aikin da ɗalibi ɗaya zai iya ne da makirufo mai kyau: ya nemi tsofaffin makaɗan da suka yi hijira zuwa garin Batsari da Dutsin-ma da Katsina, ya ɗauki bugun kowace ganga ɗai-ɗai da izinin mai ita da ladansa, ya rubuta itacenta da fatarta da sunan wanda ya ɗaure ta. Daga nan mai haɗa kiɗa zai iya ɗaukar kan bugunsa daga kalangu, jikinsa daga gangar noma, ya bar wa lantarki wutsiya kawai.