Ebola: Yadda tsoro ke juya halin jama'a a lokacin annoba

Annobar Ebola da ta ɓarke a ƙasar Gini a watan Disambar 2013, ta kuma bazu zuwa Laberiya da Saliyo, ta kama mutane sama da 28,000, ta hallaka fiye da 11,000 kafin a shawo kanta a shekarar 2016.

Masana kiwon lafiya sun ce ba ƙwayar cutar kaɗai ta haddasa wannan ɓarna ba. Firgici da rashin yarda da hukuma sun taka muhimmiyar rawa.

Tsoro da zargi

Mutane kan auna haɗari ne da abin da idonsu ya gani. Da yake akasarin waɗanda aka kai cibiyoyin jinya a farkon annobar ba su komo da rai ba, sai iyalai suka riƙa ɓoye majinyatansu a gida, inda cutar ta ci gaba da yaɗuwa.

A watan Satumbar 2014, an kashe mutane takwas daga cikin ayarin wayar da kai a ƙauyen Womey da ke kudancin Gini, bisa zargin cewa su ne ke kawo cutar.

A Najeriya kuwa, jita-jitar da aka baza a watan Agustan 2014 cewa sha da wanka da ruwan gishiri na yin rigakafi, ta yi sanadin mutuwar aƙalla mutane biyu.

Batun jana'iza

Gawar wanda Ebola ta kashe na ɗauke da ƙwayar cutar mai yawa, don haka wanka da taɓa mamaci sun zama babbar hanyar kamuwa.

To sai dai umarnin ƙona gawarwaki da gwamnatin Laberiya ta bayar a birnin Monrovia ya sa jama'a yin jana'iza a asirce.

A watan Nuwamban 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabbin ƙa'idojin binne mamata cikin mutunci, bayan tuntuɓar malaman addini. Ƙa'idojin sun tanadi yi wa Musulmi taimama a madadin wanka, da sanya likkafani, da kuma barin dangi su yi masa salla.

Inda tsoro ya yi amfani

Tsoron ne kuma ya sa mutane da dama suka daina musafaha, suka rungumi wanke hannu a ƙofar masallatai da makarantu da bankuna.

Najeriya, wadda cutar ta shiga ta birnin Legas a watan Yulin 2014, ta bi sawun ɗaruruwan waɗanda suka yi hulɗa da majinyata. Mutane takwas ne suka rasu, kuma ranar 20 ga watan Oktoban 2014 aka bayyana ƙasar a matsayin wadda ta rabu da cutar.