Daga Doka Zuwa Rilaza: Tarihin Sarrafa Gashin Mata a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin sana'o'in Hausawa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan saƙa da rini da ƙira da jima, amma da wuya a sami wanda ya tsaya a kan kitso. Wataƙila dalili shi ne sana'a ce ta cikin gida, wadda mata suke yi a kan tabarma a gindin inuwa, ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta kuma da sarauta irin ta Sarkin Maƙera ko Sarkin Aska. Abin da muke so mu nuna a wannan maƙala shi ne, kitso dabara ce ta adana wani irin gashi a cikin wani irin yanayi, ado kuwa a bayan wannan ya zo. Za mu kuma nuna cewa babban canjin da aka samu a ƙarni na 20 ya faro ne daga lokacin da aka bar tambayar yadda za a adana gashin, aka koma neman yadda za a sake masa halitta.

Halittar Gashin da Yanayin Ƙasar

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu san abin da makitsiya take fama da shi. Idan aka yanka silin gashin baƙar fata aka duba shi da madubin likita, za a ga ba kewayayye ba ne sosai, yana da ɗan faɗi, ramin da yake tsirowa daga ciki kuma a lanƙwashe yake. Saboda haka yana fitowa ne a murɗe. Maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya iya gangarowa cikin sauƙi har ƙarshen silin da yake a nannaɗe, don haka bakin gashin kullum a bushe yake. Kowace murɗa kuma wuri ne mai rauni, inda gashi yake karyewa idan mataji ya ja shi. Gashin nan yana tsiro kusan santimita 1 a wata. Yawancin matan da suke kukan gashinsu ba ya fitowa, fitowa yake yi, sai dai abin da yake karyewa a baki ya kusa kai abin da yake tsirowa a gindi.

Sai a haɗa wannan da yanayin ƙasar Hausa. A tsakiyar hunturu damshin iska a Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga ƙura. Da damina kuma gashi ya sha raɓa, ya kumbura, ya tashi buzu-buzu, ya cukurkuɗe. Gashin da aka bari a sake a irin wannan wuri ba ya daɗewa bai zama gizo ba.

Abin da Aka Gada

Gumakan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza, suna ɗauke da kitso iri-iri mai tsari, shekarunsu kuwa sun haura 2,000. Ba muna cewa mutanen Nok Hausawa ba ne. Abin da gumakan suke tabbatarwa shi ne tsufan sana'ar a wannan yanki.

Shaidar da ta shafi Hausawa kai tsaye ta zo ne daga matafiya. Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a watan Janairu na 1824, ya rubuta cewa matan Kano da na Barno suna rina gashinsu da shuni, har ya bayyana yadda ake samun shunin daga tsohuwar riga rinanniya da ake binnewa a rami sai ta ruɓe. Shi abin mamaki ya ɗauke shi. Mu kuwa abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, birnin da ya shahara da karofi ya mai da kayan sana'arsa kayan kwalliya, kuma baƙin da yake sheƙi kamar rawanin Ɗan Kura shi ne kyan gashi a idon mutanen wancan zamani. Santsi da kwantawa ba su shigo cikin ma'aunin ba tukuna.

Babban kitson wancan lokaci shi ne doka, kalmar da har ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo. Ana tattaro gashi ne daga gefe da gefe, a ɗora shi a kan tsumma da aka naɗe, ya tashi kamar tozo daga goshi zuwa ƙeya. Aiki ne na yini, amma idan an gama sai a yi makonni ba a sake taɓa kan ba. Nan ne hikimar take. Aikin yana bin mataki-mataki: a yi tsifa da tsinke, a wanke da sabulun salo ko ruwan kanwa, a zuba ruwan karkashi wanda yauƙinsa yake sa silin gashi su rabu ba tare da an ja su ba, a shafa man shanu ko man kaɗe ko alayyadi, a taje tun yana da danshi, sannan makitsiya ta tsaga da kibiya ta kitsa. Duk wanda ya dubi jerin nan tare da bayanin da muka yi a baya zai ga kowane mataki yana maganin wata matsala: yauƙi yana hana karyewa, mai yana maye gurbin maiƙon da bai iso ba, kitso kuma yana ɓoye bakin gashi daga iska da ƙura, ya rage yawan taza. Ba mu cewa abin ba shi da illa. Man shanu idan ya kwana biyu yana wari, kan da aka daɗe ba a tsefe ba kuma yakan tara amosani, har ma da abin da ya haifi karin maganar nan ta kitso da kwarkwata.

Musulunci bai ture wannan tsari ba, sai ma ya ba shi gindin zama. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta bayyana cewa ba dole ba ne mace ta tsefe kitsonta don wankan janaba, ya isa ta zuba ruwa ta cuɗa har ya ratsa. Da hukuncin ya zo da akasin haka, da kitso mai daɗewa bai yiwu ga matar aure ba. A ɗaya ɓangaren kuma, hadisan da suka zo a Buhari da Muslim na hana ƙarin gashi su ne suka sa gashin kanti bai sami karɓuwa a ƙasar Hausa kamar yadda ya samu a kudu ba. Maza kuwa sun huta da wannan duka, domin tun ranar suna wanzami ya karɓi kansu, in ban da zanko da tukku da akan bar wa yara.

Sunayen kitso su kansu tarihi ne na cuɗanya. Shuku daga Yarbawa ya zo, kalaba kuwa sunan garin Kalaba take ɗauke da shi. Wannan ya nuna makitsa ba su taɓa ƙin baƙon salo ba, matuƙar kitso ne.

Wuta da Sinadari

Baƙon da ya zo da wata manufa dabam daga Amurka ya taso. A can, bayan ƙarewar bauta a 1865, baƙar mace mai neman aiki ta tarar ana auna kamalarta da gashin Baturiya. Madam C. J. Walker, wadda ta rayu daga 1867 zuwa 1919, ta yi dukiya da sayar da man gashi tare da yaɗa amfani da matajin ƙarfe da ake ɗorawa a wuta, ko da yake ba ita ta ƙago shi ba. Zafi yana miƙar da gashi ne na ɗan lokaci, da ya ji ruwa ko gumi sai ya koma yadda yake. Saboda haka aka nemi abin da zai daɗe. Garrett Morgan ya kafa kamfanin man miƙar da gashi a 1913, George Johnson kuma ya fito da Ultra Sheen a 1957. Irin wannan mai, wanda muke kira rilaza, yawanci soda ce mai ƙarfi a cikinsa, 'yar'uwar wadda ake dafa sabulu da ita. Tana tsinka mahaɗan da suke riƙe da murɗar gashi, abin da ta tsinka kuma ba ya komawa. Amma sabon gashi yana ci gaba da tsirowa a murɗe, don haka sai an sake shafawa bayan wata 2 ko 3, inda tsoho da sabo suka haɗu kuma nan ne ya fi saurin karyewa.

Kayan nan sun iso Arewa ta hanyar Ikko da unguwannin Sabon Gari, da makarantun kwana na 'yan mata, da hotunan mujallu irin su Drum. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 sun sa matan ma'aikata da dama sun iya sayen abin da a da sai dai su gani a hoto. Abin lura shi ne, a daidai wannan lokaci baƙaƙen Amurka da yawa sun juya wa rilaza baya, sun koma tara gashi irin na afuro don nuna alfahari da asalinsu. Salon biyu sun iso mana kusan tare, muka karɓe su a matsayin yayi, ba tare da rigimar da ta haife su ba. Mai ɗaukar hoto J. D. 'Okhai Ojeikere ya hango inda aka dosa, tun 1968 ya fara ɗaukar hotunan kitson Nijeriya, ya tara kusan 1,000 kafin rasuwarsa a 2014.

A ƙasar Hausa rilaza ba ta kashe kitso ba, kamar yadda wasu suke zato. Macen da take rufe kanta da ɗankwali da mayafi ba ta da bukatar sakin gashi a titi. Abin da ya faru ya fi wannan ban takaici a ganinmu: sai a shafa rilaza don gashi ya yi laushi, sannan a kai wa makitsiya ta yi ƙananan kitso ta ja da ƙarfi don ya daɗe. Wato an raunana gashin, sannan an ɗora masa nauyi. Sakamakon shi ne zubewar gashin goshi da na gefen kunne, wanda likitocin fata suka tabbatar yana iya zama na dindindin idan ramin gashin ya mutu. Duk wanda yake koyarwa a kwalejin da take da ɗalibai mata ya san dalilin da ya sa wasunsu suke jawo ɗankwali har kusa da gira.

A 2022 Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Ƙasar Amurka suka fitar da sakamakon wani bincike da ya bi mata 33,497 har kusan shekara 11. An ƙiyasta cewa cikin waɗanda ba su amfani da man miƙar da gashi, kashi 1.64 cikin 100 ne za su kamu da sankarar mahaifa kafin su kai shekara 70, cikin masu yawan amfani da shi kuwa kashi 4.05. Masu binciken da kansu sun ce alaƙa suka gano, ba su tabbatar da cewa man ne sanadi ba. Duk da haka adadin ya isa a yi tunani, musamman a inda ake shafa wa yarinya 'yar firamare rilaza a jajibirin salla.

Tun kafin wannan bincike mata baƙaƙe a Amurka da Turai suka fara komawa ga gashinsu na asali, har jihar Kalifoniya ta yi doka a 2019 ta hana a nuna wa mutum bambanci a wurin aiki ko makaranta saboda kitsonsa. Ƙa'idodin da suke koya wa juna a intanet su ne a taje gashi yana da danshi, a rufe shi da man kaɗe, a kitse shi a bar shi ya huta. Suna sayen garin cebe na matan Chadi, wanda ake samu a kasuwannin Maiduguri da Kano, da kuma wani busasshen ganye mai yauƙi da ake kawo musu daga Chadi da sunan ambunu. Ganyen nan shi ne karkashi.