Idon da ba ya barci: tarihin kyamara mai bin motsi, daga filin sukuwa zuwa garken Inna

Masu ƙarancin data da kuka ce a riƙa rubuto muku shirin, ga na wannan makon.

Yau tarihi za mu taɓa, amma bari in fara da garken tumakin Innarmu a Dareta. Bara da kaka sau biyu ana haura mana katanga da dare ana kwance tunkiya. Ƙanena ya koma kwana a bakin garke da tocila, gari na wayewa ya tafi makaranta yana gyangyaɗi. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce ni da aka kashe wa kuɗi na yi jami'a, a ce yaro ɗan shekara goma sha huɗu ne maigadinmu? Shi ne na ƙudurta haɗa kyamarar da za ta ga motsi ta juya da kanta ta bi shi. Da na shiga bincike sai na tarar ashe tunanin ya girmi kakana.

A 1878, a Palo Alto ta jihar Kaliforniya a Amurka, wani attajiri mai dawaki, Leland Stanford, yana son sanin ko akwai lokacin da doki mai gudu ke ɗage ƙafafunsa huɗu gaba ɗaya daga ƙasa. Idon mutum ba ya iya kama wannan. Mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen fili, ya gitta zare a hanyar dokin. Duk zaren da doki ya taɓa, kyamara ɗaya ta ɗauka. Hotunan suka nuna e, yana ɗagewa. Ku lura da abin da ya faru: motsin ne ya danna kyamarar, ba yatsan mutum ba.

Daga dawaki sai namun daji. Wajen shekarun 1890, a jihar Mishigan, George Shiras ya riƙa ɗana wa barewa irin wannan tarko da dare, zare haɗe da fitila mai walƙiya, dabba ta ɗauki hoton kanta. A 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74. Duk maharbin da ya taɓa ɗana tarko a dajinmu ya san dabarar, abin da ke ƙarshen zaren ne kawai ya bambanta.

Amma wadda labarinta ya fi kama da namu mace ce, Marie Van Brittan Brown, baƙar fata, ma'aikaciyar jinya a unguwar Queens ta birnin New York. Aikinta da na mijinta Albert, mai gyaran kayan lantarki, ba su da tsayayyen lokaci, sau da yawa ita kaɗai ke kwana a gida. Unguwar ba tsaro, kuma in an kira 'yan sanda sai sun ga dama. Kun ji kamar an taɓa ba ku labarin nan, ko? A 1966 suka nemi rajistar ƙirƙirarsu: ramukan leƙe a jikin ƙofa, da kyamarar da ƙaramin inji ke hawa da sauka da ita daga wannan rami zuwa wancan, hoton yana fitowa a talabijin a ɗaki, ga abin magana da na waje, ga maɓallin neman agaji. Aka ba su takardar a Disambar 1969. Kyamara da inji a ƙofar talaka, tsoro ne ya haife su.

Abin da ya rage shi ne ƙwaƙwalwa, wato kyamarar ta gane motsi ba tare da zare ba, kuma kuɗin ya sauko. A 1999 kamfanin Intel ya fara aikin OpenCV, tarin manhajar da ke koya wa kwamfuta karanta hoto, ya kuma sake ta kyauta a 2000. A 2005, a garin Ivrea na Italiya, aka fito da Arduino domin ɗalibai su iya sarrafa fitilu da injuna ba tare da sun zama injiniyoyi ba. A 2012 Raspberry Pi ta fito daga Ingila, cikakkiyar kwamfuta mai girman katin banki, a kan dala 35. Mu ma nan ba a bar mu a baya ba wajen ƙwaƙule-ƙwaƙule: a 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur har duniya ta ji labarinsa.

To yaya tawa take aiki? Hoto a wurin kwamfuta ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo da lambar haskensa. Sai ta ɗauki hoto biyu a jere ta gwama su. Inda lambobi suka canza, nan aka motsa. Ta nemo tsakiyar wurin, in yana hagu da tsakiyar hoton ta umarci ɗan injin juyi, wanda ake kira servo, ya karkata hagu kaɗan. Ƙaramin servo yana iya juya digiri 180, wato rabin da'ira. Shi ke nan fa, ba tsafi ba ne.

A baki kenan. Daren farko kyamarar ta dinga waige-waige kamar wadda aljanu suka taɓa. Dalili? Da zarar ta juya, duk hoton ya canza, sai ta zaci duniya ce ke motsi, ta sake juyawa. Sai da na koya mata ta dakata kaɗan bayan kowane juyi kafin ta sake gwamawa. Bayan nan ganyen dalbejiya ya dame ta, sai ƙwari, sai ƙurar hunturu a kan gilashi. Injin kuma in ya ja wuta da ƙarfi sai kwamfutar ta mutu ta sake tashi, dole na raba musu wuta daga batirin sola. Kuma ban jingina ta da intanet ba, domin ban manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara. A kati take ajiye hotuna, in ta ga babban motsi ta kunna ƙararrawa a ɗakina.

Gyaran da ya fi muhimmanci kuwa Inna ce ta yi shi. Ta tsaya tana kallon abin yana juyawa, ta ce, “Kai, wannan idon naka in ya waiga can, ba tsakar gidan mutane yake leƙawa ba?” Wallahi ban taɓa kawo haka a raina ba. Na ce, “Gaskiyarki Inna.” A ranar na rage juyin zuwa digiri 90, iyakarsa katangarmu.

A nan nake so matasa mu yi karatun ta-natsu. Mu 'yan Dareta mun san abin da na'ura ke iya gani da abin da ba ta iya yi. A 2010, ina yaro, likitocin MSF suka gano gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Masana suka zo da na'urar hannu da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ido ba ya gani. An kankare ƙasar Dareta da 'Yargalma a shekarar. Bagega fa? An auna, an sani, amma sai 2013 aka fara aikin, bayan matasa irin su Hamzat Lawal da ƙungiyoyin kare haƙƙi sun matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta saki kuɗin. Na'ura ta gani tun tuni, mutane ne suka sa aka motsa. Maɓallin Marie ma haka ne, ba shi da amfani in ba mai amsawa.

Saboda haka in za ka haɗa irin wannan, ka amsa tambaya uku kafin ka sayi ko da waya ɗaya. In ƙararrawa ta yi ƙara, wa zai fito? Wa ke da ikon ganin hotunan? Ina idon zai tsaya? Kuma don Allah kada ka ɗora hoton dare mai dishi-dishi a Facebook ka ce ga ɓarawo. A yankinmu zargi kaɗai yana iya cin ran mutum, kuskuren kama fuska kuma ba ya gyaruwa. Ka kai wa maiunguwa da dattawa, su bi ta hanyar da ta dace. Kyamarar nan ta ɓarawon tunkiya ce, ba ta tare mai bindiga, kada ta sa ka fita inda bai kamata ba.

Tamu dai har yau ba ta kama kowa ba, sai wata kyanwa da take bi da ido kullum da asuba. Amma tumakin Inna suna nan cif, ƙanena kuma ya koma kwana a ɗaki. Mai son jerin kayan da na yi amfani da su ya yi magana a ƙasa.