Fadiouth: Maƙabartar da Kirista da Musulmi Suke Kwance Tare

A gaɓar tekun Senegal, tafiyar sama da kilomita 100 kudu maso gabas da Dakar, akwai wani ƙauye mai suna Fadiouth wanda ke zaune a kan tsibiri. Tsibirin ba na yashi ba ne ko laka. Tarin ɓawon katantanwar teku ne da kakannin ƙabilar Serer suka riƙa ci suna zubarwa shekaru aru-aru, har ya taru ya zama ƙasar da aka gina gidaje a kanta. Mota ba ta shiga. Daga garin Joal sai dai mutum ya tako ta doguwar gadar katako.

Daga ƙauyen kuma wata gadar ta miƙa zuwa tsibiri na biyu, inda maƙabartar take. Nan ma ɓawo ne ko'ina, da shi ake rufe kowane kabari, fari fat, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. Fararen gicciye sun jeru a kan tudu, tsofaffin itatuwan kuka na tsaye a tsakaninsu, can ƙoli kuma an kafa wani babban gicciye. A wani sashe na wannan tudun ne kaburburan Musulmi suke, suna fuskantar alƙibla, da 'yan alluna masu ɗauke da sunayen mamata.

Addinin Katolika ya daɗe da sanin wannan gaɓa. Tun ƙarni na 15 fatake daga Fotugal suke sauka a Joal. Amma sai a tsakiyar ƙarni na 19 aikin mishan ya kafu sosai, lokacin da Bishop Aloys Kobès ya buɗe tashar Ngazobil kusa da Joal. Sannu a hankali akasarin mutanen Fadiouth suka zama 'yan Katolika, suka gina cocin Saint François-Xavier, alhali mafi yawan al'ummar Senegal Musulmi ne. A makarantar Ngazobil ɗin Léopold Sédar Senghor, haifaffen Joal a 1906, ya yi karatun farko, kafin ya mulki ƙasar daga 1960 zuwa 1980. Shi kuwa Théodore-Adrien Sarr a Fadiouth aka haife shi a 1936. Ya zama babban bishop na Dakar a 2000, Paparoma Benedict na 16 ya naɗa shi kadinal a 2007.

To me ya sa ba a raba maƙabartar ba? Babban dalili shi ne zumunci. Kafin coci da masallaci su zo, Serer na da dangoginsu da al'adarsu ta girmama kakanni. Da addinan biyu suka shigo, cikin gidaje suka shiga, har ya zama a gida guda wa yana zuwa coci ranar Lahadi, ƙane yana zuwa masallacin Juma'a. Idan aka yi rasuwa, dangin nan ne dai za su taru a ɗauki gawa a haye gada. Kowa ana yi masa jana'iza bisa addininsa, kowane ɓangare da wurinsa, amma tsibirin na kowa ne.

A yau maƙabartar na cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a wannan yanki, kuma 'yan ƙauyen ne ke yi musu jagora. Ga mutanen Fadiouth kuwa, wurin binne iyayensu ne, har gobe a nan suke kai mamatansu.