Rouladen da Ƙanzon Tukunya

Tun da na ajiye aikin kuku a yankin Ruhr na ƙasar Jamus, babu abin da ke sosa mini rai kamar samarin nan da ke shigowa madafa da takardun shaida, su yage ƙullin garin miya na kanti, su juye a tukunya mai matsin tururi, kafin sa'a guda su ce wai sun dafa Rouladen, wato naɗin naman sa na Jamusawa, alhali kuwa abin da suka ɗora a faranti bai wuce dafaffen nama naɗaɗɗe ba, wanda ba shi da isnadi zuwa ga wani malami.

Ni kam a hannun wata dattijuwa na karɓi wannan fanni, mutuniyar Silesiya, ɗaya daga cikin ɗimbin Jamusawan da aka kora daga can a shekarun 1945 da 1946, wadda ta iso yamma ba ta da dukiya sai ilmin da ke kanta. Ba zan tsaya kan mustad da albasa da kokwamba mai tsami da ake cika naɗin da su ba, ko yaron wanke-wanke ya san su. Abin da ya ɓace shi ne yadda ake haifar da miyar daga gindin tukunya. Ranar Asabar da la'asar takan ɗora tukunyar baƙin ƙarfe, ta soya naɗin kaɗan-kaɗan don kada su cunkushe su tsatso ruwa, ta kwashe, sa'an nan ta zuba albasa da karas da seleri da tumatirin gwangwani, ta bar su su kama har su yi duhu, kamar dai ƙanzon tuwon da iyayenmu mata ba su yarda a zubar. Sai ta tsiyaya ludayi guda na romon ƙashi, ta kankare, ta jira ya ƙafe ya sake kamawa, haka har sau uku, kana ta mai da naman ta rufe, ya yi sa'a biyu a kan wuta mai sanyi. Takan ce mini, "Ɗana, tsakanin launi da ɗaci numfashi guda ne, kada ka juya wa tukunya baya." A cikin miyarsa yake kwana, a ɗumama ranar Lahadi, a ci da jan kabeji da curin dankali, gama a mazhabarta Rouladen na ranar da aka dafa shi bai balaga ba.

Da zare take ɗaurewa, ta tsani tsinken ƙarfe domin yana huda nama ya tsiyaye. A kan batun cikon naɗin ne kuwa na ga adalcinta, domin asalin girkin da kitsen alade ake yi, da yawa kuma suna zuba jan giya, ni kuwa na gaya mata abin da shari'ata ta haramta mini. Ba ta yi jayayya ba, ta ɗauki jakarta muka tafi wurin mahautan Turkawa, waɗanda suka yawaita a Ruhr bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961, ta yi ta ɗanɗana ƙyafaffen naman sa har ta sami wanda ya gamshe ta, ta maye gurbin giyar da romo da ɗigon ruwan inabi mai tsami. Jamusawa da yawa sun ci daga hannuna sun yaba, kuma ina alfahari da haka.

Wasu na ɗora lalacewar al'amarin a kan cutar haukar shanu da aka tabbatar a Jamus a Nuwamban 2000, lokacin da mutane suka ƙaurace wa naman sa, muka cire shi daga jerin abinci. Amma tun kafin nan ƙananan mahautan unguwa, masu yanko falle daga cinya gwargwadon bukatar mai saye, sun fara rufewa, naman leda na babban kanti ya gaje su.

Kai matashi mai son fannin nan, nemi tukunyar ƙarfe da mahaucin da zai saurare ka, ka ba girkin yammacin Asabar ɗinka sukutum.